Ganye Ba Zai Riƙe Ka a Kan Rufi Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana,

Ina gaishe ka da fatan wannan takarda ta same ka ka sauka lafiya, mota ba ta ba ku wahala ba. Allah Ya tsare ka a masaukinka, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa ka shiga Kaduna da ƙafar dama. Na sa takardar a cikin sallayarka ne, don na san ita za ka fara warwarewa idan ka isa.

Ba labarin gida zan ba ka ba, yanzu ka baro shi. Kuma kada ka ɗauka wasiƙar lallashi ce. Raina a ɓace yake, ya daɗe a ɓace, kuma da kai nake.

Ka samu aikin da ka daɗe kana nema, na ɗora farantan sola a kan rufin gidajen mutane, wasu ma benaye ne. Na yi murna, har yanzu ina murna. Amma mutumin da zai hau bene shi ne wanda idan ya miƙe daga tabarma sai ya dafa bango ya jira duhun idonsa ya washe. Kana tsammanin ba na gani? Babanku cewa ya yi ba inda za ka a haka. Ni na roƙe shi, na yi ta roƙo har ya gaji ya ce to, ka tafi, amma da an yanke gero zai zo da kansa ya gan ka. In ya same ka yadda ka bar gida, tare za ku dawo, aikin ya ƙare ke nan. Ka san shi, ba ya faɗa ya janye. Saboda haka ka karanta wannan har ƙarshe, ko da kana jin haushi.

Ka tuna ranar yaɓen soro, kafin ruwan farko. Kana sama, Babanku yana ƙasa yana cura ƙasa yana jefa maka. Ya jefa, ba wanda ya cafe, curin ya dawo ya fashe a gabansa. Ya ɗaga kai ya gan ka zaune a bakin indararo, ka cusa kai tsakanin gwiwoyi.

Ya ce, "Kai, lafiya?"

Ka ce, "Hutawa nake, Baba."

Ya ce, "Wane irin hutu, ko rana ba ta ɗaga ba?"

Shi da ya haife ka, da furfurarsa, shi ya hau tsani ya riƙo ka kuka sauko. Ina bakin madafa ina kallo, ludayi na hannuna, ban san lokacin da ya faɗi ba. Soron gidanmu ke nan, wanda in mutum ya faɗo daga kansa sai dai ya karye. Can inda ka tafi ba karaya ake yi ba.

Babanku ya goya ka a babur zuwa asibiti a Ɗambatta, aka ɗebi jininka. Ka dawo kana kaɗa takarda kamar ka ci jarrabawa. Wai kitsen jininka, wanda suke kira kolestirol, ya yi ƙasa sosai, wai irin abin da masu kuɗi suke nema ido rufe ke nan. Sai da na tambayi Babanku ya gaya min sauran maganar da ka haɗiye. Likita ta ce ya yi ƙasa fiye da yadda ake so, jininka ma ya yi ƙasa. Ta ce yana iya zama rashin cin abinci ne kawai, yana kuma iya zama alamar wani abu daban, ko tsutsar ciki, ko hanta, ko wani ciwo a maƙogwaro, ba za ta sani ba sai an sake gwaji. Ta ce ka koma. Ba ka koma ba.

Duk wannan kuwa saboda wani mutum a cikin waya ya ce a koma cin abincin kakanni. Ka bar shinkafa da taliya da burodi, ka bar sukari da lemon kwalba. Wannan ban ce komai a kai ba, lemon kwalba dama ba abinci ba ne. Sannan ka bar mai. Ka bar ƙosai don da mai aka soya, ka bar ƙuli, ka bar nono, har tuwo ka koma gutsura kamar mai ɗanɗana gishiri. Ka koma dafaffen zogale da rama, kunu tsararo, goruba da magarya, sau ɗaya a wuni. Akuyar gidan nan ta fi ka cin abinci mai kyau, ita ko dusa tana samu.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na san hanyar nan. Na bi ta kafin kai, kana yaro ƙarami, ba za ka tuna ba. Bari in gaya maka yadda na yi, ka ga ko akwai abin sha'awa a ciki.

Lokacin ina goyon ƙanwarka Rabi, mahaifina ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye. Na je na gan shi, mutumin da yake ɗaukar damin dawa shi kaɗai, ga shi ana ba shi kunu a cokali yana zubowa ta gefen baki. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. A hanyar dawowa, a tasha, wani mai tallar magani da lasifika yana ta faɗa cewa mai ne yake toshe jijiyoyi, wai yana daskarewa a ciki kamar man shanu a cikin sanyi. Ban sayi maganinsa ba, amma na sayi maganarsa. Ban tambayi kowa ba. Ban ma tambayi abin da likitocin mahaifina suka ce ba, sai daga baya na ji cewa hawan jini ne ya daɗe da shi, aka ba shi magani ya ajiye a saman rumbu. Ni dai na dawo gida na ɗaura yaƙi da mai.

Ka dubi wautar. Sana'ata ƙuli. Daga safe hannuna cikin tunkuza yake, ina tuƙawa, ina matsewa, mai na bin yatsuna har gwiwar hannu. In cika kwalabe in jera, mutane su saya su tafi su ci su yi ƙiba, ni kuwa in wanke hannu da toka in zauna in ci ganye da gishiri. Ko ɓarɓashin ƙulin da ya rage a kasko ba na kaiwa baki.

To ga abu na farko. Kada tsoro ya zama likitanka. Akwai mutanen da kitsen jininsu ya yi yawa, likita ya ce su rage mai, kuma wajibi ne su rage. Wannan maganarsu ce, an duba su aka gaya musu. Kai ba wanda ya duba ka ya ce ka rage komai. Da aka duba ka ma, akasin haka aka gani. Ka ɗauki dokar da aka yi wa mai tumbi da ke wuni kan kujera ka ɗora wa jikin da dama ana ƙirga haƙarƙarinsa.

Ni ma, kamar kai, na sa wa abin suna mai daɗi. Ban ce tsoro nake ji ba, cewa na yi na koma cimar mutanen dā, su da ba su san hawan jini ba. Ina faɗar haka a gidan suna, ina faɗa a gidan biki, har wasu mata suna gyaɗa kai. Amma ko sau ɗaya ban je ɗakin kakarku Iya, wadda muke gida ɗaya da ita, na ce ta gaya min abin da suka ci suna yara ba. Na zauna na ƙirƙiro mutanen dā a cikin kaina, na ba su ganye, na bi su.

Kai ma ba ka tambaye ta ba, ita ta tare ka. Ka tuna, kana zaune a gindin darbejiya da kwanon ramarka, ta fito tana dogara sanda.

Ta ce, "Angon ganye, me ake ci yau? A sammin in gani ko zan yi ƙaho."

Ka ce, "Iya, abincinku ne fa na dā. Ku kuka bar shi, mu muka dawo da shi."

Ta ce, "Namu? Allah Ya kiyaye. Wa ya gaya maka?"

Ka ce, "Masana ne suka yi bincike."

Ta ce, "Sun zo garin nan? Ni dai ban gan su ba. Da an gama girbi Fulani suke sauka a gonar ubana, shanu su ci kara su bar mana taki, mu kuma mu sha nono har mu ture. Man shanu a kan tuwo sai ya yi tafki. Gyaɗa muna ci ɗanya, muna ci dafaffiya, muna ci soyayya. Ga riɗi, ga wake, ga ƙwan zabi da damina. Fara in ta sauka mu cika buhu. Wannan da kake ci, rama ba ƙuli, mun ci shi, ba zan yi ƙarya ba. Shekarar da ruwa ya ƙi muka ci shi, muna ci muna kuka, kuma a shekarar na rasa ƙanena."

Ka yi dariya ka ce Iya ba ta gane ba ne. Ta ce, "Na gane sarai. Na gane na yi asarar miji. Wannan in iska ta taso sai an ɗaure shi a turke."

Ban ce duk abin da Iya ta faɗa gaskiya ba ne. Ita ce ta ce kada a kai ka asibiti, wai jinin da suke ɗiba ne yake ƙarar da mutum, wai a dama maka kunun kanwa ka warke. A nan ban bi ta ba, kai ma kada ka bi ta. Mutanen dā sun sha nono, sun kuma binne 'ya'ya da yawa saboda cututtukan da yau allura ɗaya take maganinsu. Amma a kan abin da ya shiga bakinta tana yarinya, ita ce shaida, ba kai ba, ba ni ba, ba na cikin waya ba. In za ka yi koyi da mutane, ka fara sanin yadda suka yi tukuna.

Shi ma na cikin wayar, ai ka nuna mana shi. Babanku ya karɓa ya ƙura ido, ya ce, "Tsaya, mene ne wannan a gabansa?" Ka ce nama ne. "Wannan fa?" Kifi. "Wancan?" Ƙwai. Babanku ya miƙa maka wayarka ya ce, "To shi ga abin da ya ci. Kai ina naka?" Mutumin ya ce a bar kaza da kaza, a ci kaza da kaza. Na barin ba ya cin ko sisi, ka kwashe shi duka, har ka ƙara da naka. Na cin kuwa sai da aljihu, ka bar masa abinsa. Ka ɗauki rabin magana ka mai da ita addini. Ni ban san ko maganarsa daidai ce ko ba daidai ba, ban san shi ba, ban san garinsu ba. Na dai san bai ce ka wuni da goruba ka hau rufi ba.

Kuskurena na gaba ya fi wannan muni, shi ne ɓoyewa. Da gajiya ta fara kama ni, ban gaya wa kowa ba. In ɗaga taɓarya sau kaɗan numfashina ya ɗauke, in jingina da turmi in ce ina gyara ɗankwali. In jawo guga daga rijiya in ji kamar dutse na ɗauro. Gashina yana zuba a mataji, sanyi yana kama ni ana tsakiyar zafi. Ruwan nonona ya ja baya, Rabi ta yi ta tsotsa tana kuka, na ce rigima ce irin tata. In Babanku ya sayo nama ranar kasuwa, in raba muku, in ya ce ina naki sai in ce na ci a madafa. Ba wanda ya yi mamaki, don dama uwa a garin nan ita ce ƙarshen ci, kuma kullum cewa take ta ƙoshi. Na fake a bayan wannan al'ada na yi ta yi wa kaina illa, kowa yana yaba min kawaici.

Ka san tabon da ke hannuna na hagu. Kun tambaye ni kuna yara na ce santsi ne ya kwashe ni. Ba santsi ba ne. Ina tsugune ina suyar ƙuli, na miƙe in ɗauko matsami, sai duniya ta yi baƙi. Da na farfaɗo ina kwance a gefen murhu, kasko ya kife, mai ya bi hannuna. Rabi tana kan tabarma kusa da ni, man ya gangara ya tsaya dab da ƙafarta. Ni daga tsugune na faɗi, ƙasa tana kusa, ga abin da ya faru. Kai daga ina za ka faɗo?

Don haka ka buɗe baki. Ranar da ka fara zuwa wurin aiki, ka samu maigidan naku ka gaya masa gaskiya, cewa kana ganin jiri, likita ta ce a sake maka gwaji, a ba ka aikin ƙasa tukuna. Akwai haɗa waya, akwai ɗaura batir, kai ka gaya min da bakinka ba duka aikin ne a sama ba. Na san abin da za ka ce, wai zai raina ka, wai zai ce ya ɗauko rago. Ya raina ɗin. Raini ba ya karya wuya. In mutumin kirki ne zai ga hankalinka, in kuwa ya kore ka don ka faɗi gaskiya, to dama ba wurin zama ba ne. Kuma ba ranka kaɗai ne a hannunka ba. In kana riƙe da farantin nan mai nauyi, wani yana ƙasa yana riƙe maka tsani, ɗan wasu ne shi ma.

Bayan ƙunar nan an kai ni asibiti, aka wanke hannun, aka duba jinina. Irin maganar da aka yi maka aka yi min. Ma'aikaciyar ta ja fatar idona ta duba ta ce, "Baiwar Allah, me kike ci?" Na lissafa mata ina jin kaina, ina jiran yabo. Ta ajiye biro ta ce, "Ke da kike shayarwa? Wa ya sa ki?" Na ce ba kowa. Ta ce in ci abinci, ta rubuta magani, ta ce in dawo a sake dubawa. Ka san abin da na yi? Na dawo gida na ce ai ta ce ba kitse a jinina, alhamdu lillahi, abin da nake gudu ban same shi ba. Sauran maganar na zubar a hanya. Ban koma ba. Na sayi maganin ƙarin jini a kemis, na sha jiƙe-jiƙe, na karɓo rubutu, komai na yi ban da abin da aka ce in yi. Sai da damina ta wuce, ƙafafuna suka fara kumbura, Babanku ya ce in ban hau babur ba zai kira yayyena. Da aka sake gwaji aka tarar har da tsutsar ciki, ita tana ci, ni ba na ci. Maganin bai fi a haɗiya da ruwa ba. Na sha wahalar watanni a kan abin da za a gama da shi tun farko.

Ranar da ka shigo kana kaɗa takardarka, kaina na gani. Har yadda ka ɗaga haɓa irin nawa ne. Shi ya sa na shige ɗaki, ba don ban damu ba, don na rasa wanda zan fara mari tsakanin ni da kai.

Takardar gwaji ba lambar yabo ba ce. Abin da ya yi yawa ana tambayar dalili, abin da ya yi kaɗan ma ana tambayar dalili. Ni ban san ko ƙarancin kitsen ne yake sa ka gajiya ba, ko kuwa abu ɗaya ne ya haifi gajiyar da ƙarancin gaba ɗaya. Likitar ma ba ta ce ta sani ba, cewa ta yi a bincika. Wanda ya yi karatun abin ya ce bai sani ba tukuna, kai da ka kalli waya ka riga ka sani. Na ninke takardar taka na haɗa da wannan. Ka nemi asibiti a can tun kafin ka san hanyar kasuwa, ka miƙa musu ita, ka gaya musu duk abin da kake ci da wanda ba ka ci, kada ka yi musu kwaskwarima. In sun ce ka dawo, ka koma. In sun ce ka sake dawowa, ka sake komawa.

Saura ɗaya, kuma wannan a kanka na yi shi. Kai ne ɗan farina. Yadda aka tashe mu, uwa ba ta sakin jiki da ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta zama ta yi doguwar hira da shi a gaban mutane. Ni kuma dama can ba mai magana ba ce, ko a makaranta in malami ya tambaye ni abin da na sani sai muryata ta maƙale. Na ga lokacin da ka fara sa cokali kana yaye man da ke saman miya kana zubar wa kaji. Na ga lokacin da ka fara tura wa ƙannenka naman da aka sa maka. Na ga wandonka yana zamewa ka ƙara huda bel. Duk na gani, na kuma san inda hanyar take zuwa fiye da kowa a gidan, amma na yi shiru, wai kunya. Sai in ƙara mai a ƙasan tuwonka a ɓoye, kai kuma ka gane ka bar kwanon. Muka yi ta wasan ɓuya kamar yara, kana ramewa. Da tun a watan farko na kira ka ɗaki na nuna maka hannuna na gaya maka gaskiyar tabon, wataƙila da ba a kai ga soro ba. Kunya tana da kyau a inda take da kyau, ban ce a yar da ita ba. Amma na yi kunya a inda ya kamata in yi faɗa. Kada ka gaji wannan daga gare ni. In ka ga abokin zamanka yana cutar kansa, ka gaya masa tun da wuri, ko zai ji haushi. In kai ne ba ka da lafiya, ka kira gida ka faɗa, kada ka ce lafiya lau alhali kana dafe da bango.

Yanzu maganar ci. Ban ce ka koma lemon kwalba da biskit ba. In abincin kakanni kake so, to ka ci shi cikakke. Ka karya da safe kafin ka fita, koko da ƙosai, ko ɗumame in ka samu. Da rana ka nemi fura da nono, ko wake, ko dambu da mai. Ka ci ƙwai in hali ya yi, ka ci kifi ko busasshe ne, awara ma ba ta da tsada. Zogalenka ka ci abinka, yana da amfani, amma a kwaɗa shi da ƙuli kamar yadda kowane mai hankali yake yi. A cikin jakarka akwai garin ƙuli da na daka da yaji, da soyayyar gyaɗa, da kwalbar man shanu. Man daga Iya ne, ta ce in gaya maka toshi ne, in ka dawo da shi ba a taɓa ba ta fasa auren. Kada ka rabar wa abokai ka ce min ya ƙare. Ka ba su su ɗanɗana, wannan mutunci ne, amma cikinka na yi wa.

Kuma kada ka ce za ka rama duka a rana ɗaya ka ɓata cikinka, sannan ka ce ga shi abincin ne bai karɓe ka ba. Na san ka da neman hujja. A hankali za ka ƙara, kullum kaɗan.

Ka san matsayin da ka sa ni. Babanku ya ce kada ka tafi, ni na tsaya maka. Na ce yaron nan yana da hankali, taurin kai ne kawai, kuma na san inda ya samo shi. Na ce a bar shi ya je, zai gyara. Ya dube ni ya ce, "In wani abu ya same shi fa?" Kullum in na ji babur ya tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi, tun ba ka tafi ba ma.

To ka ji da kyau. Ba zan jira a yanke gero ba. In ka kira gida, ba zan ɓoye a bayan ƙofa in bar Babanku ya yi magana ba, zan karɓi wayar da kaina. Zan tambaye ka ko ka je asibiti, da abin da suka ce, da abin da ka ci tun safe, da ko maigidanka ya sani. In na ji kana kewaye-kewaye, ni da na roƙa maka tafiya ni zan ce wa Babanku ya hau mota gobe. Za ka ji haushina, ka daina cin tuwona, ka wuce ni a tsakar gida ba gaisuwa. Na yarda. Na gwammace in gan ka kana fushi da ni a tsakar gida, da a kawo min kai a bayan mota.

Ina son aikin nan ya zama naka. Ina son ka ƙware, ka yi suna, wata rana ka dawo ka haɗa wa masallacin unguwarmu wutar sola. Ba mai hana ka wannan sai kai.

Babanku yana gaishe ka, Iya tana gaishe ka, Rabi da sauran ƙannenka suna gaishe ka. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka yi addu'a kafin ka taka tsani, ka kuma tabbata akwai abinci a cikinka kafin ka taka shi. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare samanka da ƙasanka. Allah Ya ba ka lafiya mai amfani, Ya sa albarka a guminka, Ya raba ka da taurin kan uwarka, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Amin.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka,
Inna